Yadda muka kafa ƙungiyar waƙa a Kano, muka fitar da faifai ɗaya, muka rabu

A ƙarshen 2005, matashin da ke son waƙar zamani a Kano hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya bi layin 'yan fim, ya yi ta zarya a situdiyoyin Zoo Road har wani furodusa ya ji muryarsa ya ba shi aiki, ko kuma ya dubi abin da ake yi a Legas, inda samari uku ko huɗu kan haɗu su ɗauki suna ɗaya su fito tare. Mu huɗu ta biyun muka ɗauka. The Remedies muke kallo, musamman da yake ɗaya daga cikinsu, Eedris Abdulkareem, a Kano ya tashi, sai kuma Plantashun Boiz, waɗanda suka fitar da faifai a 2000 da 2003 kafin ɗaya daga cikinsu, 2Face, ya kama gabansa a 2004. Duka ƙungiyoyin biyu sun riga sun watse a lokacin da muke wannan buri, kuma mun sani sarai. Inda haɗuwar ta kai su ne ya cika mana ido. Daga Yamai ma kaset na shigowa na su Kaidan Gaskia da Lakal Kaney, muna jin Hausa da Zabarmanci a kan kiɗan zamani, muna cewa ashe abin yana yiwuwa da harshenmu.

Ba zan kama sunan kowa ba, don yau dukanmu magidanta ne, kowa da abin da yake yi. Akwai mai babbar murya, ɗan cikin gari, wanda tun yana Islamiyya shi ke jan ƙasida a ranar sauka. Akwai mai fiyano, wanda ya koyi hannu a Sabon Gari wurin makaɗan da ke yi wa coci-coci da otal-otal kiɗa. Akwai mai gambarar zamani, da ke juya harshe tsakanin Hausa da Turancin buroka. Sai ni, mai rubuta baitoci, kuma ina riƙe murya ta biyu.

Matakin farko ba a situdiyo yake ba, a gida yake. A gidanmu duk wanda ya ɗauki waƙa maroƙi ne, kuma babu maroƙi a zuriyarmu. Yayana na tura ya fara share mini hanya, sannan na durƙusa gaban mahaifinmu bayan sallar isha'i. Na ce, “Baba, ba roƙo za mu yi ba, ba kuma za mu wasa kowa don ya ba mu kuɗi ba.” Ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki, sharaɗi uku ya kafa: ban da zagin kowa, ban da batsa, kuma duk inda za ni in dawo in kwana a gida. Ya ce da yayana, “Kai ne idona a kansa.” Mai babbar murya nasa ya fi nawa wuya, don sai da kawunsa ya sa baki kafin a ƙyale shi.

A wani shago na samari da ke jikin soron gidan su mai fiyano muka riƙa atisaye, tsakanin la'asar da magariba, don kada maƙwabta su yi ƙorafi. Kayanmu tsohuwar Yamaha ce samfurin PSR, da makirufo guda, da lasifika da muka saya a hannun mai gyaran rediyo. Karo-karo muka yi, kowa ya kawo abin da ya samu daga ɗinki ko gyaran waya ko koyarwa a makarantar kuɗi. Yarjejeniyarmu ta fatar baki ce kuma gajera: duk abin da ya shigo a raba huɗu daidai, babu shugaba. Har yau ina ganin kyan wannan niyya.

Watannin atisayen nan su ne mafi daɗi a duk tafiyar. Nakan zo da baitoci a littafin makaranta, mai babbar murya ya karanta ya yi ta gunguni har kari ya faɗo masa, mai fiyano ya bi shi da yatsu yana neman inda muryar ta zauna. A nan na koyi cewa waƙar Hausa ba ta yafe wa wanda ya raina karin harshe. Idan kiɗa ya hau sama a gaɓar da ya kamata ta sauka, kalma sai ta koma wata kalma, ko ta fita kamar bakin baƙo. Sau da yawa baiti ya yi kyau a takarda, amma da an ɗora shi a kan kiɗa sai a ga dole a sauya kalma, ko a sauya karin gaba ɗaya. Mun yi ta gwada haɗa murya uku a wuri ɗaya irin yadda 'yan Styl-Plus ke yi, abin da ba a saba ji ba a waƙoƙin fim na lokacin, inda namiji ke yi mace ta amsa. Ranar da muryoyin suka fara zama daidai a kan juna, tsigar jikina sai da ta tashi.

A tsakiyar 2006 muka shiga situdiyo. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da wurare irin su Iyan-Tama suka fara aiki da fiyanon Yamaha, kusan duk kiɗan zamani na Kano daga cikin wannan akwati yake fitowa: ganga, kalangu, sarewa, goge, duk yatsun mutum ɗaya ne. A lokacinmu kwamfuta ta shigo, ana aiki da manhajojin haɗa kiɗa irin su Cubase da Fruity Loops, ana gyara murya da Auto-Tune. Ɗakin da muka kama ƙarami ne, an raba shi biyu da gilashi, an manna soso da kwalin ƙwai a bango don kada sauti ya dawo. Waƙa-waƙa ake biya, idan kuma wuta ta ɗauke kuɗin man janareta a kan mai waƙa yake.

Ga yadda aikin ke tafiya. Mai babbar murya zai rera amshi da baiti ɗaya ba kiɗa, injiniya ya auna saurin waƙar ya kafa shi a kwamfuta. Sai mai fiyano ya fara ɗora kiɗa hawa-hawa: ganga tukuna, sannan bes, sannan abin da zai riƙe karin, sannan kwalliya irin su sarewa a tsakanin baitoci. Wannan kaɗai kan ci yini. Idan kiɗa ya tsaya, sai a shiga ɗakin murya ɗaya bayan ɗaya, a sa hedifon, a kashe fanka saboda ƙararta, mutum ya yi ta zufa yana maimaita layi guda har injiniya ya ɗaga masa hannu ta gilashi. Amshi ake fara ɗauka, sau ɗaya, a kwafe shi a liƙa duk inda ake bukata. Daga nan baitoci. Daga nan miksin, wato daidaita sautin murya da na kiɗa, wanda mu ba mu da ta cewa a cikinsa sai dai mu zauna a benci mu saurara.

A wannan ɗaki na fara ganin abin da zai raba mu. Haɗin murya uku da muka sha wuya a kansa, injiniya ya ce ba sai mun shiga mu uku ba. Ya ce, “Ku bar wannan ya yi duka, muryarsa ta fi zama. In ya yi ta ƙasa ya yi ta sama, ni zan jera su.” Muka gwada, kuma gaskiyarsa, ta fi fita tsaf, ta kuma fi sauri, ga kuɗi yana tafiya da lokaci. Na ce, “Oga, ai mu ƙungiya ce.” Ya ce, “Na sani, amma mai saye ba ya ganinku, ji yake yi.” Ba da mugunta ya faɗa ba. Mun dage a waƙoƙi biyu an ɗauki muryoyinmu duka, kuma su ne na fi so har gobe. Sauran kuwa, in aka cire gambarar da ke tsakiya, aikin mutum biyu ne: mai murya da mai fiyano. Ya kuma ba mu shawara mu sa muryar mace ko da a waƙa biyu ne, don kasuwa ta saba da hakan. Muka ɗauko wata mai amshi da ke aiki a situdiyoyin layin, ta yi nata cikin ƙanƙanin lokaci, aka biya ta a take ta tafi. Ita ce mutum ta farko da ta ci kuɗin faifanmu.

Da aka gama, ba a lasifikar situdiyo muka yarda da aikin ba. Mun kai shi rediyon mai shayi, mun roƙi wani direban bas ya sa mana a motarsa, don a irin waɗannan wurare za a ji shi. Inda ganga ta danne murya muka koma aka rage. Sannan aka ƙona mana masta, wato faifan asali da za a riƙa kwafa daga gare shi, waƙa takwas.

Sai kasuwa. Wanda bai shiga Ƙofar Wambai da masta a aljihu ba, bai san inda ikon waƙa yake ba a wancan zamani. Tsari biyu muka tarar. Na farko shi ne na kwali, wanda 'yan fim suka saba da shi tun zamanin kaset: kai za ka buga kwalin da kuɗinka, ka ba 'yan kasuwa, su kuma su kwafa a nasu faifan su sa a kwalinka, a biya ka gwargwadon kwalin da ya fita, wanda bai fita ba a dawo maka da abinka. Na biyu shi ne ka sayar da mastan ɗungurungum, ka karɓi kuɗinka, riba da asara su zama na mai saye. Faifan waƙa a lokacin bai wuce naira 150 a hannun mai talla ba, kuma a cikin wannan ɗan kuɗi ne mai kwafa da mai shago da yaron da ke yawo da shi a baro duk za su ci. Mu kuwa aljihu ya riga ya bushe a situdiyo, har da bashi. Ba mu da kuɗin buga kwali.

Alhajin da ya karɓe mu a cikin 'yan kasuwar ya saurari waƙa uku yana ciniki da wasu. Da ya juyo, tambayarsa ɗaya ce: “Wane ne mai waƙar?” Muka ce mu duka ne. Ya ce, “Wa zan ce wa mai saye? In yaro ya zo daga Gusau ko Maraɗi sari, suna yake kira, a ba shi na wane.” Mai fiyano ya ce, “Alhaji, a yi haƙuri a sa sunan ƙungiya.” Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan sunan ƙungiya a sama, amma hoton mai babbar murya ya fi na kowa girma, mu uku a bayansa. Muka sayar da mastan. Ya sa aka rubuta takarda cewa haƙƙin kwafa da sayarwa ya koma hannunsa, muka sa hannu mu huɗu. Kuɗin ya biya bashin situdiyo, ragowar muka raba huɗu kamar yadda muka yi alkawari. Ban taɓa ganin Alhajin nan a matsayin azzalumi ba. Ya zuba kuɗinsa a kan samarin da babu wanda ya sani, a kasuwar da masu satar fasaha kan kwafe faifai cikin mako guda.

Faifan ya fito a farkon 2007. Muka bi gidajen rediyo da kanmu muna ba masu gabatar da shirye-shirye. Freedom Radio, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2003, ita ce kowa ke kamawa a lokacin, daga 'yan acaɓa har matan aure, don haka duk mawaƙi burinsa a ji shi a can. Waƙa ɗaya daga cikin takwas ɗin ta kama. Na fara jin ta a shagunan aski, sannan a wayoyin mutane. Wannan na biyun ya faranta mana rai ƙwarai, ko da yake ko sisi ba ya kawowa: a kasuwar wayoyi ta Farm Centre da bakin tituna masu kwamfuta na tura waƙoƙi a memori, abokai kuma na aika wa juna ta Bluetooth. A waya babu kwali, babu hoto. Wanda ya fara turawa ya rubuta sunan mai babbar murya a kan waƙar, kuma da wannan suna ta zaga gari.

Kuɗin gaske a wajen biki yake. Aka fara kiranmu kamu da dina da walimar kammala makaranta. Amma ba kiɗa ake so mu yi ba. DJ zai sa faifai, mu riƙe makirufo mu bi. Mai fiyano ya ɗauko Yamaharsa a bikin farko, aka rasa inda za a jona ta, daga ranar ya daina wahalar da kansa. Uwar biki kan ce, “A sako mana sunan amarya da na ango a ciki,” wato sai an koma situdiyo an sake ɗaukar baiti ɗaya ko biyu, aikin da mai murya shi kaɗai zai iya gamawa. In an zo liƙi kuma, a goshinsa ake mannawa, don shi aka sani. Yakan tattara ya kawo a raba huɗu, kuma bai taɓa ɓoye ko naira ba. Sai dai na lura da yadda 'yan uwansa suka fara yi masa magana, kuma ban ga laifinsu ba.

Na sha tunani a kan dalilin da ya sa ƙungiyoyin makaɗan gargajiya kan yi shekara talatin ko arba'in tare. Alhaji Mamman Shata ya yi waƙa da makaɗansa da 'yan amshinsa har ya rasu a 1999. Gidan Ɗanƙwairo ma haka, 'ya'ya suka gaji uba. A can babu wanda ke cewa kowa daidai. Akwai uban tafiya, sunansa ake kira, shi ake ba kyauta, shi ke rabawa gwargwadon matsayin kowa, shi ke ɗaukar nauyin aurensu da sunan 'ya'yansu da rashin lafiyarsu. Kuma yana bukatarsu da gaske, don kalangu ba ya kaɗa kansa, amshi ba ya amsa kansa. Mu mun ɗauko siffar ƙungiya daga Legas, muka kawo ta garin da fiyano da kwamfuta suka riga suka maye gurbin makaɗa, kasuwa kuma suna ɗaya take saye. Babu wata ƙofa da kuɗi ke shigowa wadda ke bukatar mutum huɗu.

Zaɓen watan Afrilun 2007 ya fito da abin fili. Lokacin siyasa shi ne kakar mawaƙa. Wakilin wani ɗan takara ya zo da kafin alƙalami mai kauri, yana son waƙa cikin gaggawa. Ni na riga na yi wa mahaifina alkawarin ba zan wasa kowa don kuɗi ba, mai gambara kuma ba ya ra'ayin jam'iyyar. Muka zauna muka yarda cewa mai murya da mai fiyano su yi da sunansu, ban da sunan ƙungiya, kuɗin kuma nasu ne. Abin da suka samu a wannan waƙa guda ya ninka abin da faifanmu ya kawo mana gaba ɗaya. Daga nan furodusoshin fim suka fara kiran mai murya, situdiyoyi kuma suka fara ɗaukar mai fiyano aikin yini. Atisayen la'asar ya koma sau ɗaya a mako, sannan ya koma sai an samu dama.

Muna cikin haɗa waƙoƙin faifai na biyu sai ga rikicin watan Agustan 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na waya da ya shafi wata 'yar fim ya bazu a gari. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hisba, ya shugabanci Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa tun 2001. Aka dakatar da ɗaukar fim a Kano har zuwa Fabrairun 2008, aka ce kowane ɗan wasa da mawaƙi da marubuci ya yi rajista shi kaɗansa. A watan Satumba aka yanke wa Adam A. Zango ɗaurin wata uku saboda fitar da faifan bidiyon waƙoƙi da ba a tace ba. Zoo Road ta yi tsit. Masu biki suka rage kiran mawaƙa, 'yan kasuwa suka ja hannu daga sabon masta, masu sana'a da yawa suka koma Kaduna da Jos da Abuja.

Mutane kan ɗauka wannan ne ya kashe ƙungiyarmu. Ni da nake ciki na san ya dai gaggauta abin da ya riga ya kama hanya. Mai fiyano ya bi aiki zuwa Kaduna, don can furodusoshin suka koma. Mai gambara ya tafi Jos wurin 'yan uwansa, inda irin salonsa ya fi samun masu saurare. Mai babbar murya ya cike takardunsa ya yi rajista, ya ci gaba da waƙoƙin biki da na yabon Annabi. Ni kuma makarantar da nake koyarwa ta ba ni cikakken aiki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da nake alfahari da shi shi ne ba mu bar abin ya mutu a tsaye ba. Bayan ƙaramar sallar 2008, da kowa ya zo gida, yayana ya tara mu a soron nan da muka fara. Ya ce, “Kun shiga da alkawari, ku fita da alkawari, don kada gobe 'ya'yanku su gaji gaba.” Ya ɗauko takarda, muka bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya.

Fiyano dai dama ta mai ita ce. Makirufo da lasifika da muka saya da karo-karo aka yi musu kuɗi, mai murya ya biya mu kasonmu ya riƙe. Faifan farko babu abin rabawa a cikinsa, haƙƙinsa na hannun Alhaji, sai dai muka rubuta cewa kowannenmu yana iya rera waƙoƙin a wajen taro ba tare da neman izinin sauran ba. Inda aka daɗe shi ne waƙoƙi biyar na faifai na biyu da ba su fita ba. Baitocin nawa ne, karin na mai murya, kiɗan na mai fiyano, kuma babu wanda zai iya ɗaukar nasa ya bar na wani. Mai gambara ya ce shi a cire shi, tunda bai riga ya ɗora komai a kansu ba, amma muka ƙi, don da kuɗinsa aka biya situdiyo. Aka tsaya a kan cewa mai murya ya nemi mai saye a cikin 'yan fim, duk abin da aka bayar a raba huɗu, wannan ya zama rabo na ƙarshe. Daga ranar, in ya bukaci baitoci daga wurina, ciniki ne tsakanina da shi, waƙa-waƙa, kuma a ambaci sunana a matsayin marubuci.

Sunan ƙungiya ne ya zo ƙarshe. Mai fiyano ya ba da shawarar a bar wa mai murya, tunda shi ke cikin harkar a Kano. Shi da kansa ya ce a'a, ba ya son ya hau dandamali da sunan mutum huɗu shi kaɗai. Aka rubuta cewa babu mai amfani da sunan sai in mu huɗu muna wurin. Muka sa hannu, yayana da kawun mai murya suka sa a matsayin shaidu, aka yi fatiha.

Uku daga cikin waƙoƙin biyar sun samu mai saye a shekarar da ta biyo baya, aka sauya musu wasu baitoci don su dace da labarin fim, aka ƙara muryar mace. Mai murya ya kawo mini kasona har makaranta, ya aika wa sauran biyun nasu ta hannun direbobin tashar Unguwa Uku. Ragowar biyun, da babu furodusan da ya ga inda zai sa su, kowannenmu ya karɓi kwafinsu a faifai.